Wata huɗu a kan aikin da aka riga aka yi

Oga Bulus ya duba aikina. Wata huɗu na yi ina zana taswirar yadda tsohuwar manhajar ofishinmu, wadda aka rubuta da yaren kwamfuta na COBOL, take jera bayanan ma'aikata, don a kwashe su zuwa sabuwa.

"Hadiza, ai 'yan saman bene sun zana irinta bara. Ba ki tambaya ba?"

"Oga, wa ya gaya min?"

Aka buɗo tasu. Abu ɗaya muka zana, amma kowa da ƙa'idar da ya bi, ko sunayen guraben bayanai ba su dace ba. Aka ɗauki tasu.

Da aka tashi aiki, na hau keke napep zuwa unguwar Wunti. Bene ɗaya ne tsakaninmu, jama'a. Ku ma haka naku ofishin yake?