Dashen Gahawa Biyar Da Na Kai Tsaraba

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, 'yar Damagaram mai ji da kanta, ina karatun dokta kan tsirrai a Lyon ta ƙasar Faransa. Aikinmu a labo, wato ɗakin bincike, shi ne mu aika irin gahawa a haska masa wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ana ce masa gamma, don ya sauya halittar irin. Sai mu shuka, mu fesa wa dashen cutar tsatsa da gangan, wadda ke sa wa ganye gari ruwan ɗorawa ya zube, mu ga wanda zai jure. Cikin ɗaruruwa kaɗan ne ke tsira. A ƙofar ɗakin an rubuta cewa ko ganye ɗaya kada ya fita. Kullum ina karantawa, kullum ina ganin da baƙi ake.

A Paris, unguwar Goutte d'Or, ina da wata Hajiya 'yar kasuwa da ta riƙe ni wata shida lokacin da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba. Duk hutun da zan je gaishe ta sai in rasa abin riƙewa, don me za ka kai wa mai shago? Mu kuwa ba a tashe mu da shiga gidan babba hannu rabbana ba. Ita kuma ba ta gajiya da tsokanata, wai shekara uku ina noma a ƙasar Turawa ko ganye ba ta gani ba. Wata Juma'a na zaɓi dashe biyar cikin waɗanda suka jure, kore shar, na naɗe a leda na hau jirgin ƙasa. Tun a hanya na san na karya doka, amma na ce ai ado ne, a taga za su ƙare. Da na miƙa wa Hajiya, har na cika baki na ce mata cuta ba ta kama su. Na manta hannun Hajiya ba ya riƙe abu. Cikin mako ta ba wani matafiyi ya kai wa ƙanenta da ke noman gahawa a tsaunin Mambila, gonar da iyalinsa duka ke ci da ita.

Da ta faɗa mini, na gane abin da na yi. Na san dashen da ya jure cuta yana iya ɗauke da ƙwayarta, kuma tamu ta labo ta fi wadda manoma suka saba da ita zafi. Da na yi magana a ranar, da an ƙone su. Tsoron kora da kunyar Hajiya suka rufe mini baki. Damina biyu ina saka tambayar gona cikin gaisuwa, ana ce mini lafiya lau.

Watan jiya na je Paris, ta miƙo mini waya. Bidiyo ne, itatuwa layi-layi tsirara, ganye zube a ƙasa da garin nan ruwan ɗorawa da na fi kowa sani. A tsakiya ga guda biyar tsaye, kore shar.

"'Yata, duk gonar ta tafi sai naki," in ji Hajiya. "Ƙanena ya ce masu albarka ne. Ki ƙaro mana."

Na mayar mata da wayar. Nadama ta hana ni sukuni, domin ban yi don mugunta ba, amma hakan bai mayar da ganye ɗaya ba. 'Yan'uwana masu aikin bincike, abin da aka ce kada ya fita, kada kunya ko son birgewa su fitar da shi, in kuma ya fita, ku yi magana tun da sauran gyara. Gobe zan koma wurin Hajiya in faɗa mata gaskiya. Wannan karon hannu rabbana zan shiga.