Malam Yahuza, Mai Buɗe wa Baƙin da Ba a Gani

Da hantsi Malam Yahuza zai jingine kekensa a bayan ɗakin kwamfutoci na Dutse, ya ja igiyar janareto, ya zauna kusa da tarho. Aikinsa ke nan tun kafin a ƙaddamar da shari'a. Samarin da ke rubuta manhaja a Kano da Kaduna ba su da injinan gwaji sai na wannan ɗaki, kowa a nan yake tarayya. Wanda zai gwada aikinsa sai ya bugo, Malam ya zare layin tarhon ya soka a bayan inji, shi ke nan mutum ya shigo daga can inda yake.

Matan unguwa har cewa suka yi aljanu yake kiwo, don an leƙa ta taga an ga rubutu yana gudu a gilashin kwamfuta, kujera kuwa ba kowa.

Layi ɗaya ne, bi da bi kamar famfon unguwa, kuma ba ya buɗe wa wanda bai yi sallama ba. Wani Abdulrauf na Kano ya taɓa bugowa da "Haɗa ni, sauri nake." Malam ya ce, "Yaro, ko bukkar gona ba a faɗa mata haka. Sake bugowa."

To, janareton nan ne ya cinye masa kunne. Ya koma ɗora tafinsa a kan tarho don ya ji motsin ƙararrawa, amma da ya tashi zuba mai ko alwala, kira ya wuce. Ƙorafi ya yi yawa. Aka kafa farantin intanet a rufi, aka ba kowa lambar sirrinsa, aka ce Malam ya je ya huta. Cikin waɗanda ya buɗe wa, babu wanda ya san ko fari ne ko baƙi.

Ranar da zai tafi, matarsa Luba ta zo taya shi ɗaukar buta da darduma. Tarho ya yi ƙara, ita ta ɗauka. Abdulrauf ne, yana tambayar ko tsohon nan ya bar makulli.

Ta kai baki kunnen mijinta. "Malam, sun ce a gode maka."

"Ya yi sallama?"

"Ya yi."

Luba, ki yafe ni da na tona 'yar ƙaryar nan taki, ni mai ba da labarin nan cikina ba ya riƙe magana.

Malam Yahuza, kai ne ƙofar da aka bi aka wuce ba waiwaye. Tunda kunne ya tafi, na sa an rubuta don ido ya gani: mun gode, kuma wannan ta gaskiya ce. Ku kuma 'yan baya, in ma akwai sauran mai ji, ku riƙe amana irin tasa, ku koyi sallama. Yana nan da ransa a zaurensa. Ku je da ƙafarku, tarho ba zai yi ba.