Layar da na tsinta a ƙarƙashin sirdin kekena

Shekarun baya, lokacin da nake tseren keke, ni da abokina muka fi kowa gudu a Dutse. Kullum da sassafe sai mu kama hanyar Kiyawa, shi a gaba yana tare mini iska, in ya gaji in karɓe shi. Mahaifina malamin allo ne, bai taɓa zuwa kallo ba. Iyakarsa ya ce, "Ƙato da gajeren wando, yana gudu ba wanda ya kore shi."

Sai aka ce za a yi gasa, wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci jiha. Saura kwana uku, ina goge keke, hannuna ya taɓo wani abu a ƙarƙashin sirdi. Ashe laya ce 'yar ƙarama, an ɗaure ta tamau da zare.

Nan take na tuna abokina ya karɓi keken ranar Talata, wai zai gyara mini birki. Na tuna washegari ƙafata ta riƙe. Har ruwan da ya miƙo mini a hanya sai da na zarga. Ni da ko kazar gidanmu ce ta ɓace ba na iya gano ta, ranar na zama ɗan sanda.

Na tsinke layar, na jefa wa abokina a gaban mai horar da mu, na ce, "Ga kayanka nan, ba su ci ni ba."

Ya dube ni ya ce, "Shekara huɗu ina tare maka iska, yau ni ne mai yi maka asiri?"

Ranar gasa kowa ya sha iskarsa shi kaɗai, muka galabaita. Wani mutumin Garki ya wuce mu duka biyun.

Da na dawo gida na tarar da Malam, mahaifina, a kan buzu. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Abin da na ɗaura maka yana nan ko? Motocin hanyar nan ba sa bari in yi barci."

Wallahi har yau in na tuna, kunya nake ji. Mutum biyu suna kare ni, na tozarta ɗaya saboda ƙaunar da ɗayan ya nuna mini. Abokina ya yafe mini, muna gaisawa, na je sunan 'ya'yansa. Amma tun daga ranar bai sake shiga gabana a kan titi ba.