Ranar da Fim Ya Kira Doguwar Gidanmu

Littafin ni na shigo da shi gida. Ina koyarwa a wata lakwal a Dogon Dutsi, aka kawo mana shi cikin littattafan yara, irin wanda labarinsa duk zane ne, maganar mutane na rubuce cikin ɗan da'ira bisa kawunansu. Yara na ce masa bede. Wani ɗan Arewa mazaunin Yamai ya zana shi. Labarin wani gari ne da suka haƙa rijiya a gindin tsamiya ba su nemi iznin mai wurin ba, mai wurin kuwa doguwa ce, iskar da ke riƙe da ƙasar. Ya zana ta inuwa mai tsawo, ba fuska.

Gwaggo, ƙanwar babana, ko bihim ba ta sani ba a boko, amma ta fi 'ya'yana nacin littafin nan. Tun rasuwar mijinta take zaune tare da mu, tana saida kopto, wato kwaɗon zogale, a ƙofar gida. In ta ƙare cakuɗa zogalenta da ƙuli, sai ta goge hannu a zane ta ɗauko shi. Akwai shafin da wani tsoho ke goge, an zana sautin kamar igiya tana lanƙwasa har ta fita daga shafin. Nan kullum take tsayawa, ta bi igiyar da yatsa.

"Wanga mai zane yana da hankali," in ji ta. "Ya zana kiɗin, bai kaɗa shi ba."

Ta san abin da take faɗi. Doguwar gidanmu gado ce, kuma kan Gwaggo ta faɗa tun tana budurwa. Ita ce godiyarta, wato wadda take hawa in an yi wasan bori. Mai kiran kuwa babana ne. A zamaninsa, daga nan har Dogon Kiriya, ba a taron bori a ce ya yi kyau in ba gogensa aka ji ba. Bayan rasuwar uwarmu ya tuba. A ƙofar masallacin unguwa, gaban jama'a, ya ɗora hannun dama bisa Alƙur'ani ya ce in ya sake taɓa goge Allah shi shanye hannun. Ina yarinya lokacin, amma ban manta ranar ba. Daga baya suka ba shi ladanci saboda murya. Shekaru masu yawa shi ke kiran salla, kuma ladancin nan shi ne rigarsa, shi ne mutuncinsa. Da shi ya wanke sunan "ɗan goge" daga kanmu. Gwaggo ma ta bar zuwa wasa, doguwar ta kwanta, ba wanda ya ƙara kiranta.

Baba yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. Kafin ya ce Allahu Akbar a lasifika, sai ya yi gyaran murya, gajere sannan mai ɗan ja. Mata na jin wannan suke sauke tukunya su nemi buta.

To, da damina ta kama aka ce an mai da littafin fim, za a nuna shi kyauta a babban zauren taron matasa bayan azahar. Gwaggo ta ce ko da rarrafe sai ta je. Na ce, "Gwaggo, ke da ba ki jimirin zafi?" Ta ce, "Ke dai ɗauko mayafinki, sarkin surutu." Baba yana alwala ya ce mu tafi, shi ba ya kallon hoto.

An toshe tagogin zauren da tabarmi da buhunna don a samu duhu. Zafi kamar a rumbu. Gabas ta haɗa hadari tun hantsi, ya tsaya cak bai zubo ba, iska ko ganye ba ta motsawa. Ma'aikatan gwamnati sun kama kujerun gaba, 'yan kasuwa na bayansu, samari sun hau bencina, mu mata muna ƙasa bisa tabarma. Kusa da mu wata tsohuwar Bafillata ta ajiye ƙwaryar nononta da ba ta ƙare saidawa ba.

Da farko dariya aka sha. Aka nuno dutse, wani ya ɗaga murya daga baya: "Wanga ba dutsenmu ba ne! Ina suka samo wannan tsibin?" Yarinyar fim ta buɗe baki, Hausarta ta birni, samari suka dinga kwaikwayonta. Ɗalibaina da suka haddace littafin sai gardama suke, wai maigarin littafi siriri ne, wannan kuwa tumbi gare shi. Wani ɗan boko a gaba ya juyo yana "silans, silans," wai a yi shiru, ba wanda ya kula shi. Ni kaina na yi tsaki da aka nuno doguwar. Sun sa wa wata mata farin alli a fuska, ga jan baki. Haba! Gwaggo ta ce a kunnena, "Wagga ko akuya ba ta korawa."

Sai aka zo shafin tsoho mai goge.

Tsohon da ke cikin fim ɗin ya ɗaga gogen, ka gani ka san bai taɓa riƙe shi ba. Amma kafin sauti ya fito, sai aka ji gyaran murya daga lasifikan zauren. Gajere, sannan mai ɗan ja.

Zauren ya yi tsit. Wata mata a gefena har ta yunƙura za ta tashi neman buta, sannan ta koma ta zauna a hankali. Mutane suka fara juyowa suna dubana. Daga nan gogen ya shigo, kuma wallahi ba na bukatar a gaya mini hannun wa ke jansa. Tun zamanin kaset wani ya ɗauki wasan Baba, aka yi ta saidawa a kasuwanni. Da ya tuba ya bi ya ƙone waɗanda ya samu, amma ina! Masu fim sun tsinci ɗaya suka ɗora a kan tsohonsu. Kuma ba kowane kiɗi ba ne. Taken doguwar gidanmu ne, wanda ake kiranta da shi.

Tsofaffin mata suka fara jan mayafi suna rufe kai. Biyu suka tashi suka fita da baya da baya, ba su ba allon baya ba. Samarin da ke dariya ɗazu, wasu ba su gane ba, amma shirun ya kama su. Na kamo hannun Gwaggo, na ji shi sanyi ƙalau cikin wannan zafin.

"Gwaggo, tashi mu tahi."

Kafaɗunta na rawa, idonta na kan allon, amma ba shi take gani ba. Taken ya yi ta hawa, ya kai inda masu kiɗan ƙwarya ke shigowa, ya kai tsakiya. Nan masu fim suka yanke shi ƙit, suka nuno wata mota tana tafiya a hanya.

Ihun da Gwaggo ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Ta miƙe tsaye, ta faɗo da zaune, ƙasa ta amsa. Aka kunna fitila, zaure ya hargitse. Wani saurayi ya miƙo wayar salula zai ɗauki hotonta, na buge ta har ta daki bango, na ce masa in uwarsa ce zai ɗauka? Mai nuna fim ɗin, wani yaron kirki daga Yamai, ya ruɗe yana cewa farfaɗiya ce, a kai ta likita. Tsohuwar Bafillatar nan ta dube shi.

"Ɗana, maida kiɗin shi ƙare."

Ya ce iyakarsa ke nan, haka yake a fim ɗin. Ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka, ta ce da ni, "An kira ba a sallama ba. Kai ta gida wurin mai kiran."

Abin da kowane ɗan Arewa mai furfura ya sani ke nan. Take yana da kira yana da sallama. In mai goge ya sauko da iska, ba ya ajiye goge sai ya raka ta ta tafi, kuma wanda ya kira shi ke sallama. In aka bar ta a tsakiya, tana nan bisa godiyarta har jiki ya gaza.

A amalanken jaki muka kai ta gida, mata huɗu na danne da ita. Mun iske Baba ya dawo daga la'asar, labari kuma ya riga mu isowa. Yana tsaye a tsakar gida da carbi, bai tambaye ni komi ba. Dattawan masallaci suka shigo, mutanen kirki ne, maƙwabtanmu. Na'ibin liman ya zauna kusa da kanta yana karatu yana tofawa. Aka yi hayaƙi, aka jiƙa rubutu, haƙoranta sun datse, ruwan ya bi gefen baki ya zube. Rana tana ta yin ƙasa. Jikinta ya sandare, numfashinta ya koma sama-sama, leɓunanta sun bushe sun yi fari. Can sai ta yi magana da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

"Wa ya kira ni? Ina mai kirana?"

Ba wanda ya dubi Baba, kuma kowa shi yake nufi. Wani dattijo ya ce a hankali, "Malam ladan, ka yi haƙuri, jarrabawa ce. Ka tuna rantsuwarka." Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Baffa, rantsuwar ce za ta ɗauki makarar in ta cika?" Aka ce in yi shiru, ni mace ce. Na ce ai wadda ke kwance ma mace ce. Ina faɗa ina kuka, don tsoro nake ji ta ko'ina. Ina tsoron Gwaggo ta tafi, ina tsoron hannun Baba, don ni na ga ranar da ya ɗora shi bisa Littafin.

Baba ya rataya carbinsa a ƙusar bango. Ya ce da dattawan, "Na gode muku. Ku tahi, magariba ta kusa." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu ya girgiza kai a zaure ya wuce. Baba ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, ina ta ɓoye shi?"

Ashe ya sani. Ranar da ya tuba ya ba Gwaggo gogen ta jefa a wuta, ita kuwa ta naɗe shi a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Na jawo shi. Fatar ba ta tsage ba, izgar na nan lafiya, da gani ana shafa masa mai lokaci-lokaci. Na miƙa, ban saki da wuri ba.

"Baba, hannunku."

"Nawa ne," in ji shi. "Ita kau uwarmu ta bar mini ita."

Ya zauna a ƙasa daidai kanta. Ya yi gyaran murya. Bai faro daga farko ba, daga inda fim ya yanke ya ɗauka, kamar yana zauren. Goge ba ya ɓoyuwa. Ya tsallake katanga, ya bi lungu, na ji muryoyin yara a waje sun ɗauke. Hadarin nan da ya yini tsaye ya fara gurnani. Baba ya runtse ido, hawaye na bin gemunsa, hannun na tafiya kamar jiya ya ajiye. Taken ya sauko a hankali, ya yi laushi, ya koma wani sashe da ban taɓa ji ba. Gwaggo ta saki jiki. Ta yi atishawa, ta sake, ta sake, alamar baƙuwar ta tafi ke nan. Ta buɗe ido ta ce a ba ta ruwa.

Ina ba ta ruwan lasifikan masallaci ya yi ƙara. Ba gyaran murya. Wata murya ce ta saurayi ta ce Allahu Akbar. Baba ya saurara har aka ƙare, yana amsawa a hankali, gogen na bisa cinyarsa.

Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Washegari da kansa ya kai makullin ɗakin lasifika ya ba liman. Ya koma salla a sahun baya, kusa da takalma. Kowace safiya kuma ina leƙensa daga madafa, yana zaune bisa buzu yana buɗe hannun dama yana dunƙulewa, yana duban yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ni ma su nake duba. Gwaggo ta warke, amma ba ta ƙara taɓa littafin ba, kuma in sun haɗu a tsakar gida sai ta sunkuyar da kai.

Na ɗauka abin ya ƙare. Na manta masu fim yawo suke gari-gari.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wani magidanci ya tsaya da moto, wato babur, a ƙofarmu, laka har gwiwa. Ya ce daga Geceme yake, jiya aka nuna fim ɗin a garinsu. Matarsa ce kiɗin ya kayar, kamar yadda ya yi wa Gwaggo. Sun kira mai gogen garinsu, ta ce ba shi ya kira ta ba. Ya durƙusa a zaure yana roƙo, ya ce kuma ya ji motar masu fim ta kama hanyar Ɗan Kassari.

Baba ya daɗe yana duban hannunsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗiyata, ɗauko shi."

Na naɗe gogen a zanen nan na miƙa masa. Ya hau bayan moto, ya rungume shi da hannun hagu. Na daman ya sa cikin aljihu, kuma har suka sha kwana ban ga ya fiddo shi ba.