Wasan Terungwa na Ƙarshe

A unguwar Akurba da ke Lafia, idan fankarka ta daina juyawa, wurin Yahya za a tura ka. Shagonsa ɗan ƙarami ne, rabinsa fankoki ne da injinan markaɗe masu jiran gyara, ɗaya rabin kuma wata tsohuwar talabijin ce da na'urar gem a ƙarƙashinta, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar abin gado. Shekarunsa arba'in da uku, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yau buga gem yake yi, kuma ko a jikinsa in an yi masa dariya.

Mutum ne mai son sanin abin da babu wanda ya tambaye shi. Ka kawo masa fanka, kafin ya kwance ta ya gaya maka babban birnin ƙasashe goma, da yadda kifi ke barci, da dalilin da ya sa doyar Assakio ta fi ta wani wuri daɗin sakwara. Sunayen garuruwan Turai duk a gem ya koye su, ya sayi taswira ya manna a bango don ya ga inda suke. Mutane kan ce to, to, su karɓi fankarsu su tafi. Ba wanda ke zama.

Da ba haka abin yake ba. Shekara goma sha tara da suka wuce, su goma sha ɗaya ne ke cika wannan shago da hayaniya duk ranar Lahadi da yamma. Akwai Lawal direba, akwai Oliver mai aski, akwai Iorliam da ba ya cin wasa amma bakinsa ba ya mutuwa. Wata rana Yahya ya zauna ya kafa ƙungiya a cikin gem ɗin ƙwallo, ya goge sunayen 'yan wasan, ya rubuta nasu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa kansa a gola. Gaba kuwa ya ba Terungwa, amininsa, ɗan wani manomin doya daga wajen Assakio.

Shi da Terungwa ba su taɓa shiri a kan abu ɗaya ba. Yahya yana da aƙida: abin da ya faru ya faru. In an ci ka, an ci ka, ka ajiye sakamakon ka wuce gaba, don mutum ba shi da hurumin goge jiya. Bai taɓa danna maɓallin jikin na'urar da ke mayar da wasa farko ba, ko sau ɗaya. Terungwa kuwa da an zura masa ƙwallo biyu sai ka ga ya yi tsalle ya kai yatsa.

"Allah ma yana ba mutum dama na biyu, kai wane ne?" in ji shi, yana dariya.

"Wannan ba tuba ba ce, maguɗi ne," Yahya kan ce.

Sun yi wannan gardama ta fi sau ɗari, ɗaya ya jawo abin da liman ya ce, ɗaya ya jawo abin da fasto ya ce, a ƙarshe su raba rake su sha. Tsabar dannawa, fentin maɓallin ya goge, tsakiyarsa ta yi ɗan rami daidai babban yatsan Terungwa.

Sannu a hankali shagon ya watse. Lawal ya koma Kano, Oliver ya tafi Abuja, Iorliam ya bi wani aiki zuwa Fatakwal, sauran aure da 'ya'ya suka riƙe su. Terungwa ne kaɗai bai daina zuwa ba, har damina uku da suka wuce, lokacin da zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Yahya ya je Assakio aka binne shi, ya tsaya a bayan coci da hularsa a hannu, sannan ya dawo shagonsa.

Ya ci gaba da buga ƙungiyar shi kaɗai. Sai dai gem ɗin yana da nasa lissafi: duk kakar wasa 'yan wasa na ƙara shekara, in sun tsufa ya yi musu ritaya, sunan ya ɓace, ya kawo wani baƙo a madadinsa. Haka Lawal ya tafi karo na biyu, haka Oliver, haka Iorliam. Yahya yana ta jan wasannin a hankali, wani lokaci ɗaya a mako, amma duk da haka suka ƙare, sai shi da Terungwa cikin baƙi tara. Sannan wata Laraba saƙo ya fito a talabijin cewa Terungwa zai yi ritaya a ƙarshen kaka. Wasa ɗaya ya rage.

Yahya ya kashe na'urar ya mayar da ƙyallen. Mako bakwai bai taɓa ta ba. Ranar Lahadi da yamma sai ya zauna a bakin shago yana kallon masu keke-napep suna wucewa, kaɗaici ya taso masa, irin wanda ko ranar jana'izar bai ji ba.

A mako na takwas Mimidoo, matar marigayin, ta shigo gari sayar da doya, ta biyo da wata fanka da ta ƙone. Ta dubi ƙyallen da ya yi ƙura.

"Broda Yahya, gem ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau, Maman Member," ya ce, yana kiranta da sunan 'yarta. Sannan ya gaya mata komai, yana jin kunyar kansa, babban mutum da gemu yana ba da labarin ɗan wasan cikin talabijin.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jakarta ta zauna a kan benci.

"To ba akwai wannan botin ba? Wanda shi yana dannawa kullum. Ka buga, in ya ƙare ka danna, ka sake bugawa. Abeg, wa zai kama ka?"

"Ban taɓa yi ba."

"Na sani. Kullum yana dawo gida yana cewa, Yahya kai mai taurin kai ne, amma shi ne mutum ɗaya a Lafia da ba zai cuce ka ba." Ta goge ido da bakin zane. "Ni rigansa na coci yana nan a ƙusa. Ban cire ba. So ba ni zan gaya maka abin da za ka yi."

Ta tashi don kada motar Assakio ta bar ta. Ta ce fankar ma sai wani zuwan za ta karɓa.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Yahya ya yaye ƙyallen, ya hure ƙurar, ya jona hannun gem guda biyu kamar yadda aka saba, ya ajiye ɗayan a kan benci inda Terungwa ke zama. Ya fara wasan.

Bai yi kyau ba. Hannunsa ya yi sanyi, kuma Terungwa na cikin talabijin ya tsufa, gudu kaɗan sai ya tsaya. Duk ƙwallon da Yahya ya samu shi yake miƙa wa, ko da wani ya fi shi zama a fili. Aka ci su ɗaya. Saura minti biyu a tashi aka kayar da wani baƙon yaro a cikin da'ira, alƙali ya ba da fenariti. Yahya ya zaɓi Terungwa. Ya yi bismilla, ya buga, ƙwallon ta haye saman raga.

Aka hura tashi. Tambaya ta fito a talabijin, ko a ajiye sakamakon.

Ya durƙusa gaban na'urar. Ya sa babban yatsansa a cikin ɗan ramin nan, karo na farko a rayuwarsa. Ramin ya fi yatsansa faɗi. Dannawa ɗaya, Terungwa zai dawo fili da wasa ɗaya a gabansa, gobe ma haka, jibi ma haka, kuma babu mai gani. Ya daɗe a durƙushe, har gwiwarsa ta fara ciwo, hawaye na sauka a gemunsa.

"Ka ɓarar da fenariti, ɗan banza," ya ce a hankali. "Da kana nan da tuni ka danna."

Ya janye yatsan. Ya ɗauki hannun gem ya ajiye sakamakon.

Jerin sunayen sabuwar kaka ya fito. Ya karanta daga ƙasa zuwa sama, goma duk bai san su ba. A can sama, a gola, sunansa ne.