Irin Kunun Gwamma

Duk wanda ya yi leburanci a Tamanrasset a shekarun nan ya san kunun Gwamma, ko da bai san fuskarta ba. Ni na san duka biyun, don katanga ɗaya ce ta raba ɗakunanmu a unguwar Tahaggart: ina toya ƙosai, tana dama kunun zaƙi. 'Yar Tasawa ce, gajera, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ta biyo mijinta Isufu magini a 1996, rungume da wani ɗan gora tun daga gida. Irin tsami ne a ciki, wato ragowar ƙullun da ake zubawa a sabo don ya tashi. Ta ce na kakarta ne, kuma 'yan dowan, masu binciken kaya a kan iyaka, ma sai da suka shinshina suka mayar mata.

Sanyi ne ya kashe irin. Mu mun ɗauka hamada zafi ce zalla, ba mu san ruwa na daskarewa a kwano a kan duwatsun nan ba. Gwamma ta wayi gari ƙullunta kwance shiru. Wata mai son taimaka mata ta ba ta shawarar ta sayo yis ɗin burodi, wanda Larabawa ke kira hamira, wai abin da ya tayar da burodi ba zai kasa kunu ba. Ta zuba, ta ƙara dabino don zaƙi, ta lulluɓe tukunyar da bargo a gefen murhu har ta kwana biyu.

Ya kuwa tashi, har ya wuce gona da iri. Leburorin da suka sha a wurin gini, wani ya ɓingire da barci a kan yashi, wani ya hau katanga yana rera waƙar da ko a biki ba ya yi. Yanzu muna dariya, amma ran nan ba mai dariya. Alhaji Salifu, babban ɗan kasuwar da 'yan Nijar ke kai wa ƙara, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce matar Isufu giya take dafawa, kada wanda ya sake saya. Matar da ko giyar ba ta taɓa gani da ido ba. Mata suka daina aiko mata da abincin suna, gaisuwa ma sai a ciki. Na ji mata ciwo ƙwarai, kuma na ji haushin Alhaji, wanda bai tambaye ta komai ba.

Isufu ya ce ta koma Tasawa har ƙura ta lafa. Ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan ubanta da wannan suna ba.

Sai ta shiga neman iri kamar mai neman aure. Ta karɓo na nonon Larabawa, ya tsinke mata ƙullu, tsaminsa kuma sai ka rufe ido. Ta samo na wani mai awaki, kunun ya fito da warin bunsuru. Ba ta ba kowa sai ni, don ni ce zakaran gwajin dafi; cikina ya ga ta kansa a wannan damina da ba ruwa. Abin da take so ba shi da yawa a baki: irin da zai jure sanyi, ya ɗan ciji harshe, ya tsaya nan, kada ya hau kai.

A ƙauyen Outoul ta same shi, wajen wata tsohuwa Buzuwa mai suna Mariyamu, mai Hausa a baki, wadda ke jiƙa alkamar lambunta a wata tsohuwar tukunya da ba a taɓa wanke gindinta ba. Gwamma ta ɗanɗana ruwan jiƙon, ta roƙi ludayi guda. Ta dinga ciyar da shi gero kaɗan-kaɗan har ya saba. Mai sanyin jiki ne, ba ya kumfa, ba ya gaggawa. Ta zuba masa dabino da gangan, ta bar shi a rana, ya ƙi yin fushi.

Na ce ta fito da shi kasuwa kawai, mutane za su dawo. Ta harare ni. Ta ɗauki tukunyar sabon damu a ka, ni ina bin ta, har kantin Alhaji Salifu, ta dire a gabansa.

"Alhaji, ka kulle wagga tukunya cikin shagonka, makulli a aljihunka. Jibi ka buɗe ka sha da kanka. In ya taɓa maka kai, in hau motar Arlit in koma gida."

Lokacin bazara ne, shagon kuma mai rufin kwano, irin zafin da ke saurin juya kunu ya zama giya. Ni kaina na tsorata. Alhaji ya so ya zille, amma idon mutane ya yi masa yawa.

Ranar da aka buɗe, layin shagunan ya cika. Alhaji ya kurɓa yana yamutsa fuska, ya sake kurɓa, ya shanye ludayin. Aka zauna ana kallonsa kamar za a ga wata. Ya yi ciniki, ya yi faɗa da direbansa yadda ya saba, ya je azahar ya dawo garas. Sannan ya miƙo kwano ya ce a ƙaro. Ya ce daga gobe ta riƙa kawo wa yaran shagonsa.

"Ba ciniki ya kawo ni ba," in ji Gwamma. "Inda ka hwaɗi waccan, can za ka hwaɗi wagga."

Mutum ne mai girman kai, amma ba azzalumi ba. Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya yi wa matar Isufu ƙazafi, kununta halal ne, ya sha da bakinsa, yana roƙon ta yafe masa. Muna tsallaken hanya muna ji. Gwamma ta matse hannuna har ya yi zafi, sannan ta ce wa Isufu ya aika Tasawa a gaya wa babanta tana nan zuwa ganin gida da sallah.