Kawu Ba-ni-nan

Duk unguwarmu babu mai kiran ƙanin mahaifiyata da sunan yanka. Ba-ni-nan ake ce masa. Gyaran keke yake yi, da yamma ya rufe shago ya tafi fili horar da samari ƙwallo. Horarwar kuwa sai wanda ya gani! Da ɗan wasa ya yi kuskure, sai Kawu ya faɗa fili da silifas yana ihu, "Ba ni nan!" Ya karɓe ƙwallon, ya yanke mutum biyu, ya zura a raga, ya dawo yana haki. A tafa masa, gobe kuskuren yana nan daram.

Duk da haka ƙwazon samarin ya kai su babbar gasa. Sai aka ce babu mai zama a bencin koci sai mai lasisi. Ko ya samo, ko a miƙa ƙungiyar ga wani. Ranar ko abinci bai ci ba.

Kwas biyu aka nuna masa. Ɗaya a aji ake yi, ka zauna ka tashi da takarda mai adon zinariya. Ɗayan na watanni ne, da jarrabawa a fili, shi ne kuma gasar ta sani. Kawu ya fara lissafin na farko, matarsa ta ce, "Maigida, takardar ratayewa a bango kake so, ko benci?" Ya yi tsaki, ya shiga na biyun.

Nan ya haɗu da gamonsa. Malamar kwas ɗin ta ce, "Baba, ƙafarka ta yi ritaya. Ka bar su su gano da kansu." Ya dawo gida yana masifa, wai an ɗaure masa ƙafa. Amma ya koma.

Ranar jarrabawa na bi shi. Wani ɗan baya ya yi ta ɓata bugu, har ƙwallon ta gangaro ta tsaya a gaban takalmin Kawu. Wallahi na ga ƙafar tana rawa. Na ce shi ke nan, mai hali ba ya fasa halinsa. Sai ya sunkuya, ya ɗauka da hannu, ya ce wa saurayin, "Kafin ta zo maka, ina ka duba?"

"Ƙasa, Koci."

"To ɗaga kai. Ga ta nan."

Ya sake gwadawa, bugun ya tafi sak. Malamar ta gyaɗa kai. Ni kuwa na yi ihu har aka juyo ana kallona, ko a jikina.

Wasan farko na gasar, mai gadin ƙofa ya duba lasisin da ke wuyan Kawu ya buɗe masa hanya. Yana zama a bencin, samarinsa suka haɗa baki daga fili: "Ga-ta-nan!" Ya kai hannu zai share ido, ya wayance da gyara hula.